Lamba a Wuyan Mahayi, Ƙyalle a Kunnen Doki

A ranar 4 ga Agustan 2024, a filin da aka shimfiɗa wa rairayi a lambun fadar Versailles, bayan garin Faris, mata uku suka hau dandamali aka rataya musu lambobin Olamfik. Jessica von Bredow-Werndl ta Jamus ta karɓi zinare, 'yar ƙasarta Isabell Werth ta karɓi azurfa, Charlotte Fry ta Birtaniya ta karɓi tagulla. Waɗanda suka yi gumin kuwa, wato goɗiya Dalera da goɗiya Wendy da wani ingarma akawal mai suna Glamourdale, suna can gefe 'yan barga na riƙe da linzaminsu. Rabonsu a bikin wani ƙyalle ne da aka naɗe kamar fure, aka maƙala musu a gindin kunne. Duk Bahaushen da ya ga wannan, abin da zai fara faɗo masa shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da gaskiyarsa. Sai dai doki bai san zinare ba, bai kuma damu da ƙyalle ba. Abin da ya shafe shi shi ne irin horon da ake yi masa a gida domin a samo zinaren, kuma wannan horo yana bin sawun abin da ake ba wa lamba ne. Shi ya sa tsarin karramawa a wannan wasa ya cancanci a zauna a dube shi da kyau.

Wasan shi ne wanda Turawa ke kira diresaj, kalmar Faransanci ce mai nufin horo. Filinsa mita 60 ne a tsawo, 20 a faɗi, an kewaye shi da ɗan gajeren shinge, an jera haruffa a gefensa don su zama alamun inda za a fara wani motsi da inda za a ƙare shi. Alƙali ya kaɗa ƙararrawa, mahayi ya shigo ta harafin A, ya miƙe zuwa tsakiyar fili, doki ya tsaya cak ƙafafu huɗu a jere, mahayi ya sunkuyar da kai ya yi gaisuwa. Daga nan sai jarrabawa: tafiya, sassarfa, ƙaramar sukuwa, ratsawa a karkace, juyawa a kan ƙafafun baya. A mataki mafi girma, wanda ake kira Grand Prix, akwai sassarfar da doki ke yi a wuri guda ba tare da ya matsa gaba ba, akwai kuma sauya ƙafar jagora a cikin sukuwa sau goma sha biyar a jere, taku ɗaya sauyi ɗaya, har mai kallo ya zaci dokin tsallen murna yake yi. Duk wannan ba a yarda mahayi ya yi wa doki magana ba. Ko ɗan tsaki ya yi aka ji, sai an rage masa maki. A manyan gasannin duniya ma ba a shiga fili da bulala.

Ga inda gizo ke saƙa. A tseren dawaki, wanda ya riga tsallake layi shi ya ci, babu gardama. A tsallaken shinge, sanda ta faɗi ko ba ta faɗi ba. A diresaj kuwa babu agogo babu sanda, ido ne kawai. Alƙalai suna zaune a 'yan rumfuna kewaye da fili, biyar a yawancin gasannin ƙasa da ƙasa, bakwai a Olamfik, kowane da marubuci a gefensa. Kowane motsi alƙali zai faɗi maki daga sifili zuwa goma, har da rabi-rabi. Shida na nufin an gamsu, bakwai ba laifi, takwas da kyau, goma ba abin da ya rage. A ƙarshe a tara a mayar da shi kashi cikin ɗari. Kowace lamba, kowane kofi, kowane suna da aka rubuta a allon girmamawa a wannan wasa, daga wannan takardar makin ya fito. A Faris ɗin nan, ƙungiyar Jamus ta doke ta Danmak a gasar ƙungiyoyi da maki 0.121 kacal. Da alƙali ɗaya ya ga takwas a inda ya faɗi bakwai da rabi, a 'yan wurare kaɗan, da wata tutar aka ɗaga.

Tarihin wanda ya cancanci lamba ma abin dariya ne a farkonsa. Wasan ya shiga Olamfik a 1912 a Stockholm, kuma shekara arba'in hafsoshin soja kaɗai ke yinsa, domin daga rundunar barade ya samo asali. A gasar Landan ta 1948 ƙungiyar Siwidin ta ci zinare, daga baya aka karɓe, don an gano ɗaya daga cikin mahayanta, Gehnäll Persson, ba hafsa ba ne na ainihi, an ɗaga masa girma ne na ɗan lokaci don ya shiga gasar. Hawansa bai yi laifi ba, dokinsa bai yi laifi ba, igiyar kafaɗarsa ce ba ta kai ba. Bayan wannan abin kunya aka buɗe ƙofa, a 1952 a Helsinki farar hula da mata suka shiga. Nan take wata mata 'yar Danmak, Lis Hartel, wadda shan inna ya shanye mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, sai an ɗora ta a kan doki an sauke ta, ta ci azurfa a kan goɗiyarta Jubilee. Wanda ya ci zinaren, Henri Saint Cyr na Siwidin, shi ya ɗauke ta ya kai ta dandamali. Ta sake cin azurfa a 1956. Har yau maza da mata a fili ɗaya suke karawa a wannan wasa, kuma mata ne ke riƙe da shi. Werth tun daga 1992 take zuwa, ta tara lambobin Olamfik 14, takwas zinare shida azurfa, babu mahayin da ya kai ta, namiji ko mace.

Lambobin Olamfik da na gasar duniya da na Turai, da Kofin Duniya da aka fara kammalawa a 1986 a Holan, duk iri ɗaya ne a asali: wane ya fi wane a rana kaza. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921 take kuma zaune a Lausanne ta Suwizalan, ita ke kula da su, tana kuma fitar da jerin gwanaye na duniya. Ba sai na daɗe a nan ba, irin wannan karramawa kowa ya san ta daga ƙwallo da dambe. Abin lura ɗaya shi ne sauyin da kiɗa ya kawo. Tun da aka shigar da rawar doki da kiɗa cikin Olamfik a 1996, inda mahayi ke tsara jerin motsinsa da kansa ya zaɓi kiɗan da zai bi, 'yan kallo suka ƙaru, kuɗi suka shigo, maki kuma ya yi ta hawa, domin rabin makin na gwaninta ne rabi na ƙayatarwa. Anky van Grunsven ta Holan ta ci zinare sau uku a jere, 2000 da 2004 da 2008, a wannan zamani. Riƙe sunanta, za mu dawo kansa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa yana can ƙasa da wannan ƙyalƙyali, inda dubban masu hawa suke, waɗanda ba za su taɓa ganin Olamfik ba sai a talabijin. Amurka ce ta fi kowa tsara musu hanya. Ƙungiyar diresaj ta ƙasar, USDF, an kafa ta a 1973, hedikwatarta na Lexington a jihar Kentucky, tana da lambobi uku da take ba mahaya, tagulla da azurfa da zinare, waɗanda ba ruwansu da wa ka kayar. Ana neman kashi 60 cikin ɗari ne kawai. Mai son tagulla zai kawo maki shida da suka kai haka, biyu a mataki na ɗaya, biyu a na biyu, biyu a na uku, kuma a kowane mataki daga alƙalai biyu dabam. Azurfa maki huɗu ce, biyu a mataki na huɗu, biyu a Prix St. Georges, wanda shi ne ƙofar shiga matakan duniya. Zinare ma huɗu, biyu a matsakaicin mataki na duniya, biyu a Grand Prix. Babu wa'adi. Malamar asibiti da ke hawa bayan ta tashi daga aiki za ta iya samun maki biyu bana, ta haihu, ta yi shekara uku ba ta taka likkafa ba, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Ko da ita ce ta ƙarshe a ajinta ranar, in takardarta ta nuna 61, an rubuta mata.

Wannan tsari na da hikima. Karin magana ta ce doki ɗaya a fage gudu gare shi, kuma a ƙananan gasanni hakan na faruwa sosai, mutum ya shiga aji su biyu ko shi kaɗai ya dawo gida da ƙyallen na ɗaya yana taƙama. Lambar da aka ɗaure da maki ta rufe wannan ƙofa, domin ba abokin hamayya ake auna ka da shi ba, ma'auni ne tsayayye. Sharaɗin alƙalai biyu kuma ya rage tasirin alƙali mai sakin hannu. Amma tana da ɓaraka, kuma masu wasan sun san ta. Lambar ta mahayi ce, makin na iya fitowa daga dawakai dabam-dabam, ba a kuma tambayar wa ya hori dokin. Mai hali zai iya saye ko hayar tsohon dokin da ya riga ya haddace komai, irin wanda suke kira malamin makaranta, ya zauna a kansa ya lallaɓa ya haɗa kashi 60, ya rataya lamba iri ɗaya da ta wadda ta ɗauko dukushi ɗan shekara uku ta kwashe shekara takwas tana gina shi. Ni ban ga laifin koyon hawa a kan dokin da ya fi ka ilimi ba, hasali ma haka ya kamata. Laifin yana zuwa ne idan mai lambar ya buga ta a katin sana'arsa ya fara karɓar dawakan mutane da sunan horo. Kuma kashi 60, in aka koma ga ma'anar makin, "an gamsu" ne kawai. Zinaren da aka gina a kan an gamsu, sai a riƙa kiransa a hankali.

Jamusawa, waɗanda su ne iyayen gidan wasan, hanyarsu dabam. Hukumarsu da ke garin Warendorf tana da bajojin hawa da ake samu ta jarrabawa, hawa da kuma tambayoyi a kan kiwo da lafiyar doki, kuma sai da bajo ake samun lasisin shiga gasa. Bajon zinare kaɗai ba a zana masa jarrabawa, sai an tara nasarori a aji mafi girma na gasannin ƙasar, irin su cin na ɗaya sau goma. Wato Ba'amurke ya ce kai ma'auni, Bajamushe ya ce kai ma'auni tukuna a bar ka ka shiga, sannan ka kayar da mutane. A ƙasar da kowane ƙauye ke da ƙungiyar mahaya, kayar da mutane sau goma ba wasa ba ne.

Sai karramawar dawaki. USDF tana zaɓen dokin shekara a kowane mataki, kuma yadda take lissafi ya burge ni. Ba ta ɗaukar maki mafi girma da doki ya samu, ba ta kuma tarawa ta raba. Ana jera duk makin shekarar daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya. A ƙananan matakai sai doki ya kawo aƙalla maki takwas daga alƙalai huɗu a gasanni huɗu. Da haka rana ɗaya ta sa'a ba za ta ɗaga doki ba, rana ɗaya da iska ta kaɗa tuta ya firgita ba za ta kayar da shi ba. Abin da ake yabawa shi ne halinsa na kullum. Akwai kuma tsarin da ke ba kowane jinsi nasa gwarzon, tare da ƙungiyoyin masu kiwon jinsin, domin in aka bar fili a buɗe dawakan Jamus da Holan da Danmak, waɗanda aka yi shekara da shekaru ana haɗa irinsu don wannan aiki, za su cinye komai. Mai dokin Larabawa ko ɗan gajeren dokin ƙauye ya samu inda zai ga sunan nasa a sama.

Amma kada a ruɗe mu, lambar doki a mafi yawan lokaci takardar farashi ce. A Turai ana gasar duniya ta matasan dawaki 'yan shekara biyar da shida da bakwai, Jamus na da tata ta cikin gida a Warendorf, ana kuma fitar da jerin ingarmun da 'ya'yansu suka fi cin maki, da jerin littattafan asali da suka fi fitar da gwanaye. Dukushin da ya ci irin wannan gasa, washegari kuɗinsa ya ninka, kuɗin barbarar ubansa ya tashi, ƙannensa da ke ciki ma an fara tayawa. Kyan ɗa ya gaji ubansa, a nan kuwa da takarda da hatimi ake tabbatar da gadon.

Labarin dawaki biyu, duk 'yan asalin Holan, ya isa misali. Totilas baƙi ne wuluk, yana jefa ƙafafun gaba sama kamar ba na doki ba. Shi da Edward Gal suka fara ƙetare kashi 90 a rawa da kiɗa a 2009, suka kwashe zinare uku a gasar duniya ta Kentucky a 2010. Makonni kaɗan bayan haka aka sayar da shi ga attajirin dawaki na Jamus Paul Schockemöhle, a kan kuɗin da jaridu suka ƙiyasta kusan Yuro miliyan goma. Gal ya wayi gari babu doki, don ba nasa ba ne, hawa kawai yake yi. A hannun sabon mahayi, Matthias Rath, Totilas bai sake komawa yadda yake ba, rauni ya yi ta bin sa, aka janye shi a 2015, ya mutu a 2020. Valegro kuwa tun yana ƙarami aka duba shi aka ce bai isa a bar shi ingarma ba, aka dandaƙe shi, Carl Hester na Birtaniya ya saye shi a kan kusan fam dubu huɗu. Shi ne ya ci zinare da Charlotte Dujardin a Landan 2012 da Rio 2016, ya kafa tarihin kashi 94.3 a Landan a Disambar 2014. Masu tantance matasan dawaki ba su gan shi ba. Bayan zinaren 2012 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta yi wa akwatunan wasiƙa fentin ruwan zinare a garuruwan waɗanda suka ci, har a tsibirin Sark na su Hester, inda ba a hawa mota, an yi wa akwatin can irin wannan fenti. Daga baya aka kafa wa Valegro mutum-mutumi a garin Newent. Ga doki ɗaya dai da aka tuna da shi da kansa.

Yanzu mu dawo ga van Grunsven. A zamaninta aka yi ta cece-kuce a kan wata hanyar horo da ake kira rolkur, inda ake janyo kan doki da linzami har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, a riƙe shi haka yana aiki. Masu yi suka ce motsa jiki ne, yana sassauta baya. Masu suka suka ce dokin ba ya ganin gabansa, numfashinsa na takura, biyayyar da ake gani ta wanda aka karya wa zuciya ce. Littafin dokokin FEI yana cewa manufar wasan ita ce doki ya zama ɗan wasa mai farin ciki, kuma fuskarsa ta kasance a tsaye ko ɗan gaba da haka. To amma dawakan da aka hora da waccan hanya su ke cin zinare, kuma matashin da ke kallo ba littafi yake karantawa ba, dandamali yake kallo. A 2009 aka ɗauki bidiyon wani doki a filin share fage a Odense ta Danmak, harshensa a waje ya yi shuɗi, duniya ta ɗauka. A Fabrairun 2010 FEI ta hana tanƙwara wuya da ƙarfin tsiya, ta bar wanda aka yi ba da ƙarfi ba. Wa zai tsaya ya raba tsakanin biyun a fili mai dawaki ashirin? Har yau ana wannan gardama.

Abin bai tsaya nan ba. A Nuwambar 2023 gidan talabijin na TV 2 a Danmak ya nuna hotunan ɓoye daga babbar bargar cinikin dawaki ta Andreas Helgstrand, da tabon bulala da na ƙaimi, aka cire shi daga ƙungiyar ƙasar na wani lokaci. A Yulin 2024, ana saura kwanaki a buɗe Olamfik, bidiyo ya fito na Dujardin tana zabga wa ƙafafun wani doki doguwar bulala a wurin koyarwa. Mai lambobin Olamfik shida, mai lambar girmamawa ta masarautar Birtaniya, wadda ake nuna wa yara a matsayin misalin hawa mai taushi. Ta janye, ta amsa laifinta, FEI ta dakatar da ita shekara ɗaya da tarar kuɗin Suwizalan dubu goma. Lambobinta na nan, babu wanda ya karɓe, kuma a doka babu dalilin karɓewa, domin an ba da su ne a kan abin da alƙalai suka gani cikin minti shida ko bakwai. A nan ne raunin tsarin duka yake, tun daga tagullar malamar asibiti har zinaren Versailles. Doki yana rayuwa awa ashirin da huɗu a yini, lamba tana auna minti bakwai.

Akwai dokoki masu tsare doki a cikin waɗannan mintoci. In alƙali ya ga sabon jini a jikinsa, za a kaɗa ƙararrawa a fitar da shi, ko wane ne a kai. Haka ta faru da Adelinde Cornelissen ta Holan a gasar duniya ta 2010, dokinta Parzival ya ciji harshensa, ta fita tana cikin waɗanda ake sa ran za su ci. Ita ɗin ce kuma a Rio 2016, bayan Parzival ya yi zazzaɓi daga cizon wani ƙwaro, likitoci sun ce ya warke, ta shiga fili ta yi 'yan motsi kaɗan, ta ji dokin ba daidai yake ba, ta ɗaga hannu ta fice. Shekara huɗu na shiri ta ajiye a wurin. Na duba duk jerin lambobin da na lissafa a sama, babu wadda aka tanada don irin wannan. A ganina da ana so a gyara wasan, gyaran ba a ƙara yawan kofuna yake ba. Alƙali ya daina ba wa ƙafa mai tashi sama tara alhali baki a buɗe yake, wutsiya na kaɗawa, baya a sandare. Ranar da dokin da ke tafiya cikin natsuwa ya fara kayar da mai ban mamaki a takure, masu kiwo da masu horo za su juya da kansu, ba sai an yi musu wa'azi ba, don inda maki yake can kuɗi yake.

Wani wanda aka daɗe ana mantawa shi ne ɗan barga. Mu da muka tashi muna kallon hawan sallah mun san cewa mahayin da ya fito da alkyabba aka yi masa kirari ba shi ya kwana yana yankan harawa da jiƙa dusa da kanwa ba. Amma a fadojinmu aƙalla an san darajar aikin, har sarauta gare shi, ta Shamaki. Abin sha'awa, hawan sallar Kano da makarantar hawa ta Vienna mai fararen dawakai yanzu duk suna cikin jerin al'adun da UNESCO ta karrama, Vienna a 2015, Kano a 2024. A diresaj sai a 2009 FEI ta fara bikin karramawarta na shekara, ta sa gwarzon ɗan barga a cikin rukunan, tare da gwarzon mahayi da matashi mai tasowa da wanda ya yi nasara duk da wata lalura. Alan Davies, wanda ya yi ta bin Valegro ƙasa-ƙasa, yana kwana kusa da shi a jirgi da mota, ya samu a 2017. Lamba ɗaya ce a shekara ga dubban mutanen da ke tashi tun asuba a kan ƙaramin albashi. Amma su ne ke ganin sauran awa ashirin da ukun da alƙali ba ya gani, kuma sau da yawa abin da ke ɓoye a barga daga bakin irinsu yake fita.

Naƙasassu ma suna da nasu fagen, wanda za a iya cewa Lis Hartel ce ta share masa hanya. Tun 1996 diresaj ke cikin gasar Olamfik ta naƙasassu, an raba mahaya aji biyar gwargwadon lalurarsu, kuma Lee Pearson na Birtaniya shi kaɗai ya ci zinare 14 a can.

A cikin duk waɗannan tsare-tsare, wanda na fi so ƙarami ne, babu kuɗi a cikinsa. Wata gidauniyar diresaj da ke Lincoln a jihar Nebraska ta kafa shi a 1996, ana kiransa kulob ɗin ƙarni. Sharaɗinsa shi ne a haɗa shekarun mahayi da na doki su kai ɗari, sannan su shiga fili su yi jarrabawa a gaban alƙali, a kowane mataki, ko da mafi ƙanƙanta ne na tafiya da sassarfa. Yi lissafin da kanka. Mahayi ɗan shekara 72 yana buƙatar doki ɗan shekara 28, kuma doki ba ya kai 28 da ƙafafun da za su ɗauki mutum sai an yi shekaru ana gyara masa kofato a kan lokaci, ana duba haƙoransa, ana jiƙa masa abinci bayan turamensa sun cinye, ba a kuma ƙone gaɓoɓinsa yana ɗan shekara biyar don neman ƙyalle ba. Tsohuwa ta shigo ta harafin A a kan tsohon doki mai furfura a fuska, bayansa ya ɗan lotsa, su tsaya a tsakiya su yi gaisuwa, jikoki na jingine da shinge da waya a hannu. In sun gama a miƙo musu ƙyalle, daga baya a aiko da allo mai ɗauke da sunaye biyu, nata da nasa, da lambar da suka samu a jerin waɗanda suka riga su.